Dogon Hutu Ko Gajerun Hutu: Yaya Ya Kamata A Tsara Kalandar Makaranta?

Da zarar an kusa rufe makarantu domin dogon hutu, sai tsohuwar gardamar nan ta taso kamar yau aka fara ta: shin hutun nan bai yi wa yara yawa ba? Wani uban zai ce maka ɗansa ya koma aji ko lissafin sau ya gagare shi. Wata uwar kuma ta ce a ƙyale yara su sarara, ai ba injina ba ne. Maganar ba ta tsaya a bakin iyaye ba. A 2024 gwamnatin yankin Wales na Birtaniya ta jingine shirinta na yanke mako ɗaya daga hutun bazara ta mayar da shi watan Oktoba, bayan ƙungiyoyin malamai da masu harkar yawon buɗe ido da masu shirya baje kolin noma sun yi mata ca. A 2025 kuma Faransa ta tara 'yan ƙasa da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a domin su zauna su tattauna yadda ake raba lokacin yaro tsakanin aji da gida.

To me ake jayayya a kai, kuma me bincike ya tabbatar?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Yawancin masu wannan gardama suna haɗa tambayoyi uku su mayar da su ɗaya, shi ya sa ba a cika fahimtar juna ba. Yawan kwanakin karatu a shekara daban ne. Yadda aka rarraba kwanakin, wato mako nawa ake yi a jere kafin a huta, shi ma daban ne. Sai kuma watan da aka ajiye dogon hutun a cikinsa.

Dubi Italiya. Hutun bazararta yana kai wa mako 13, yana cikin mafi tsawo a Turai, amma dokar ƙasar ta ce sai an yi aƙalla kwana 200 ana karatu. Ingila kuwa, da hutunta na bazara bai wuce mako 6 ba, kwana 190 ɗalibanta ke yi a aji. A Amurka yawancin jihohi kwana 180 ne, hutun kuma mako 10 zuwa 11. A Faransa mafi yawan makarantun firamare kwana 4 suke buɗewa a mako, wanda ya kama kwana 144 kacal a shekara, sai dai a cikin waɗannan 'yan kwanakin ake cusa wa yaro awa 864 na darasi, don haka yininsa a makaranta ke da tsawo da gajiyarwa. Ka ga ke nan tsawon hutu shi kaɗai ba ya gaya maka yawan karatun da ake yi. Ɗan Italiya ya fi ɗan Ingila hutun bazara, ya kuma fi shi kwanakin aji. Abin da ya rasa shi ne gajerun hutun tsakiyar shekara.

Ba don noma aka yi shi ba

An daɗe ana cewa an ƙirƙiri hutun bazara ne domin yara su taya iyayensu aikin gona. A Amurka dai, inda aka fi yaɗa wannan zance, tarihi bai goyi bayansa ba. A ƙarni na 19 makarantun karkararsu zango biyu suke yi, ɗaya da hunturu ɗaya da bazara, su rufe lokacin shuka da lokacin girbi, domin a nan ne ake buƙatar hannun yaro. Makarantun birane irin su New York da Chicago da Detroit kuwa, a wajajen 1840 kusan duk shekara suke a buɗe, kwana 240 zuwa 260. Abin da ya rufe su da bazara shi ne zafin birni a zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki, da tsoron annoba, da yadda masu hali ke kwashe iyalansu su bar gari a bar azuzuwa wayam. Ga kuma masu gyaran ilimi na wancan lokaci da suka yi amanna yawan karatu na raunana ƙwaƙwalwar yaro. Da aka zo daidaita kalandar birni da ta ƙauye, sai aka tsaya a kan wadda ake bi yau.

Inda noma ya bar sawunsa a kalanda, a lokacin girbi za ka gan shi. A Jamus da Scotland akwai hutun watan Oktoba da har yau tsofaffi ke kira hutun dankali, saboda a da yara ne ke shiga gona tonon dankali a makonnin.

Na kawo wannan tarihi ne don a gane cewa ba wani masanin ilimin yara ne ya zauna ya auna ya ce mako kaza ya fi dacewa ba. Gado ne aka tarar, kuma abin da mutane suka tsara saboda matsalar zamaninsu, mutane na iya sake shi.

Da gaske ne yara na mantuwa?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san makon farko bayan dogon hutu. Malama ta rubuta 84 a raba gida 7 a allo, irin aikin da ajin ke yi ido rufe kafin a tafi. Ta juyo, sai ta ga hannu uku ko huɗu a sama. Wani ya ƙura wa allon ido yana motsa baki, wani yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, wata kuma rubutun nata ma ya karkace kamar ta manta riƙon biro. Ba wanda zai ce wa wannan malamar mantuwa ba gaskiya ba ce. Gardamar masana a kan girmanta ne, da kuma wa ta fi cutarwa.

A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara bincike 39, suka ce a matsakaici yaro na asarar kwatankwacin karatun wata ɗaya a hutun bazara. Asarar ta fi yawa a lissafi da rubuta kalmomi daidai, kuma dalilin a fili yake: yaro na iya cin karo da abin karantawa a gida, amma da wuya ya ci karo da raba dogon lissafi. A ɓangaren karatu kuma suka ga 'ya'yan masu hali na ɗan ƙaruwa a hutu, 'ya'yan talakawa na ja da baya.

Binciken da ya fi tasiri shi ne na birnin Baltimore, wanda Karl Alexander da Doris Entwisle na jami'ar Johns Hopkins suka fara a 1982 da yara kusan 800 'yan aji ɗaya, suka bi su shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2007 ya ce kusan kashi biyu cikin uku na tazarar iya karatu tsakanin ɗan talaka da ɗan mai hali, a lokacin da suka kai aji tara, daga hutun bazara na shekarun firamare ta taru. Sun kwatanta abin da famfo. Idan makaranta na buɗe, famfon a buɗe yake ga kowa, yara na sha kusan daidai. Idan aka rufe, ɗan mai hali yana da rijiya a gida: littattafai, tafiye-tafiye, malamin da ake biya ya zo gida. Ɗan talaka kuwa sai ya jira a sake buɗe famfon.

Misalin ya shiga zukatan mutane, aka yi ta kafa hujja da shi fiye da shekara 10. Sai a 2019 Paul von Hippel na jami'ar Texas, wanda shi kansa a da ya yarda da wannan ra'ayi, ya fito ya ce da sauran rina a kaba. Ya nuna cewa a tsofaffin binciken, yaro kan rubuta jarrabawa ɗaya kafin hutu, bayan hutu kuma a ba shi wata dabam ta sabon ajinsa, wadda ta fi wuya. Idan makinsa ya sauka sai a ɗora wa hutu laifin, alhali wani ɓangare na saukar canjin takarda ne ya jawo shi. Da aka yi amfani da jarrabawowin zamani masu ma'auni ɗaya, sai aka ga mafi yawan tazarar nan tana nan tun ranar da yaran suka fara taka ƙofar makaranta, kuma ba ta faɗaɗa sosai a hutu yadda aka zata.

A nawa ganin, abin da za a iya riƙewa da hannu biyu shi ne wannan: koyo yana tsayawa ko ya ja baya a dogon hutu ga kusan kowane yaro, musamman a lissafi. Cewa hutun ne babban tushen bambancin ɗan talaka da ɗan mai hali kuwa, ba ta tabbata ba. Wanda ya yanke hutu da fatan cike wannan tazara, ina jin tsoron ya ɗora wa kalanda kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Rarraba hutun: an gwada, me aka gani?

Maganin da aka fi kawowa shi ne a daddatsa dogon hutun a watsa shi cikin shekara. A Amurka akwai tsarin da ake yin kwana 45 a aji, wato mako 9, a huta kwana 15 na aiki, wato mako 3, haka har shekara ta zagayo, a bar hutun bazara kamar wata guda. Kwanakin karatun dai 180 ɗin nan ne, ba a ƙara ko ɗaya ba. Wasu wuraren ma, kamar Los Angeles, cunkoso ne ya sa su rungumi tsarin: a raba ɗalibai rukuni-rukuni, wani rukunin na hutu wani na amfani da ajinsa.

Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Binciken da aka wallafa a 2012 kan gundumar Wake ta jihar North Carolina, inda aka mayar da makarantu da dama kan wannan tsari, bai ga wani canjin a zo a gani a makin ɗalibai ba. Idan ka yi tunani ba abin mamaki ba ne. Yaro ya rage mantuwa a bazara, amma ya yi ƙananan mantuwa sau uku a tsakiyar shekara. An gudu ba a tsira ba. Ga kuma gidan da yaya ke rukuni ɗaya ƙani ke wani, hutunsu bai taɓa haɗuwa ba. Saudiyya ma ta koma zango uku a 2021, ta dawo zango biyu a 2025.

Duk da haka ina goyon bayan gajerun hutu, sai dai ba don maki ba, don gajiya. Ka shiga aji a mako na 11 na zangon da ba a huta ba ko sau ɗaya. Malamin da ke shigowa da fara'a a makon farko yanzu muryarsa ta dushe, abu kaɗan ke harzuƙa shi, littattafan da bai duba ba sun taru a tebur. Yara na hamma tun darasi na biyu, faɗa ya yawaita a filin wasa, kujerun marasa lafiya na ƙaruwa. Faransa ta ɗauki ƙa'idar mako 7 na karatu, mako 2 na hutu, bisa shawarar masu nazarin barci da kuzarin yara. Ingila na ba da mako ɗaya a tsakiyar kowane zango. Ko wanne aka ɗauka, ya fi a ja yaro wata uku cur ba numfashi.

Akwai kuma wani abu a tsarin Japan da ban ga ana yawan ambatonsa ba. A can shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, don haka hutun bazara na kusan kwana 40 yana faɗowa ne bayan zangon farko, a cikin shekara. Malamin da ya sallami yaro shi zai karɓe shi, shi ya ba shi aikin hutu, shi zai duba, ya kuma san inda ya bar shi. A ƙasashen da dogon hutu ke raba aji da aji kuwa, tsohon malami ya sauke nauyi, sabon bai san yaron ba, mantuwar ta zama marainiya. Ko ba a canza farkon shekara ba, ana iya gyara wannan da rubutaccen bayani kan kowane yaro daga malami zuwa malami.

Zafi ne ya kamata ya fara magana

Idan aka tambaye ni wane wata za a sa dogon hutu, zan ce a tambayi ma'aunin zafi kafin a tambayi kowa. Aji mai rufin kwano da yara 50 a ciki, ƙarfe ɗaya na rana, gumi na ɗiga a kan takarda, kowa ya mayar da littafinsa mafici: a rajista an yi karatu ranar, a kan yaran kuwa ba abin da ya zauna.

An auna wannan. Jisung Park da abokan aikinsa sun duba sakamakon ɗalibai miliyan 10 a Amurka, suka wallafa a 2020 cewa idan shekarar karatu ta fi zafi da digiri ɗaya a ma'aunin Fahrenheit, kusan rabin digiri ke nan a ma'aunin Celsius, abin da ɗalibi ke koya na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin 100 a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Hukumar UNICEF kuma ta ce a 2024 ɗalibai aƙalla miliyan 242 a ƙasashe 85 ne matsanancin yanayi ya katse wa karatu, kuma tsananin zafi ne a kan gaba. A watan Maris na shekarar Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta baki ɗaya saboda zafi.

Ƙasar Filifin ta ɗanɗana kuɗarta. Can da ma daga Yuni zuwa Maris suke karatu, su huta a Afrilu da Mayu, watanninsu mafi zafi. Annobar korona ta tura buɗe makarantu gaba, kalandar ta koma farawa a Agusta, yara suka tsinci kansu a aji a tsakiyar zafin. A 2024 dubban makarantu suka riƙa dakatar da zuwa aji, gwamnati ta yanke shawarar komawa tsohon tsari, a 2025 aka buɗe a watan Yuni. Su ma tsugune ba ta ƙare musu ba, domin daga Yunin ne ruwan sama da guguwa ke kankama. Amma darasin a fili yake: kalandar da aka kwafo daga wata ƙasa mai wani yanayi na iya rufe makaranta lokacin da iska ke da daɗi, ta buɗe ta lokacin da ba mai iya zama a ciki.

Masu ta cewa da ba sa zama a aji

A nan ne gizo ke saƙar. Faransa ta raba ƙasar shiyya uku, A da B da C, kowace da makonninta na hutun hunturu da na bayansa, domin a rage cunkoson hanya a kuma tsawaita kasuwar wuraren wasan ƙanƙara. Abin da hakan ke haifarwa shi ne shiyyar da ta riga fita hutu ta dawo ta yi mako 10 ko 11 a jere kafin ƙarshen shekara, ƙa'idar mako 7 ɗin nan ta bi ruwa. A Jamus yarjejeniyar Hamburg ta 1964 ta ƙayyade hutu kwana 75 na aiki a shekara, jihohi na karɓa-karɓa wajen fara hutun bazara na mako 6, sai dai Bavaria da Baden-Württemberg kullum su ne na ƙarshe, sauran jihohin na ta ƙorafi. A jihar Virginia ta Amurka, daga 1986 har 2019 akwai dokar da ta hana yawancin makarantu buɗewa kafin farkon Satumba, jama'a suka laƙaba mata sunan wani wurin shaƙatawa, Kings Dominion, saboda kowa ya san wanda take yi wa amfani.

Ban ce cinikin mutane ba abin dubawa ba ne, iyayen wasu yaran ma da shi suke ciyar da su. Amma a faɗi gaskiya idan don shi aka yi, kada a ce don yara ne.

Iyaye masu aiki su ne suka fi jin jiki. Ma'aikaci na samun hutun 'yan makonni a shekara, ɗansa na da mako 13 ko fiye. Wa zai zauna da shi? Galibi uwa ce ke rage aiki, ko a bar babbar 'ya da renon ƙanne. Ga yaron da abincin makaranta ne cikakken abincinsa na yini, dogon hutu yunwa ce. Wannan ne ya sa a 2020 ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford ya matsa wa gwamnatin Birtaniya har ta ci gaba da tallafin abinci a hutun bazara ga yara kusan miliyan 1.3 a Ingila. Su kuma malamai, da ake yi wa gorin yawan hutu, a ciki suke haɗa sakamako, su shirya darussan gaba, su je kwas. A Ingila ma kwanakin aikinsu 195 ne, 5 daga ciki na horo.

Ranakun ibada

Wannan matsala ce ta lissafi fiye da yadda ake ɗauka. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka azumi da sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, su zagaye kalandar Miladiyya cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ista ma tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ta sa wani zangon ya yi tsawo wani ya gajarce. Birnin New York ya sa ranakun sallah biyu cikin hutun makarantunsa tun 2015, daga baya ya ƙara da bikin Diwali na mabiya addinin Hindu. Tunda ana iya ƙiyasta waɗannan ranaku shekaru kafin su zo, babu dalilin da zai sa a wayi gari da sanarwar rufe makaranta bagatatan. A sa su a lissafi tun farko, a kuma nuna inda za a rama kwanakin.

Da ni ke riƙe da alƙalamin

Zan fara da kare kwanakin karatu na gaskiya. Kalanda na iya cewa 190, amma idan ka cire makon farko da ake jiran yara su gama dawowa, da makonnin jarrabawa, da makon da ake zaman jiran sakamako ba a koyar da komai, za ka sha mamakin abin da ya rage. Gyaran wannan ya fi sauya watan hutu amfani, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka.

Dogon hutu kuwa ba zan soke shi ba. Yaro na buƙatar lokacin da ba ƙararrawa, ya yi wasa har ya gaji, ya zauna da kakanninsa, ya koyi abin da ba ya cikin manhaja, kuma ginin makarantar ma sai an watse ake gyara shi. Amma mako 6 ya isa duk wannan. Daga mako 10 zuwa sama, ban ga ribar da ta kai wahalar ba. A ajiye shi a watannin da yanayin wurin ya fi hana zama a aji, makonnin da aka rage a mayar da su tsakiyar zanguna yadda ba za a wuce mako 7 ko 8 ba a huta ba. A bar 'yan kwanaki a ajiye saboda ambaliya ko zafi ko abin da ba a zata ba. A fitar da kalandar shekara biyu ko uku gaba, makarantun yanki ɗaya kuma su bi guda, domin gida ɗaya ya huta tare.

Sai yaron nan na misalin famfo. Ko da masana sun rage girman alhakin da suke ɗora wa hutu, shi dai yana nan, ranar Talata da hantsi a mako na biyar, ba littafi, ba mai kula da shi. Cibiyar bincike ta RAND ta bi shirye-shiryen hutun bazara na kyauta a manyan gundumomin makarantu biyar na Amurka, masu tsawon mako 5 zuwa 6, inda ake haɗa darasi da wasanni da abinci. Yaran da suka halarta aƙalla kwana 20 sun fi takwarorinsu a lissafi da aka koma makaranta. Wahalar da shirin ya fuskanta ita ce samun yaran su riƙa zuwa kullum, tunda ba dole aka yi musu ba, kuma ba yaron da zai bar wasa ya zo idan abin da zai tarar shi ne allon nan da ya baro da darasin nan da ya gaji da shi.